Kuɗin shekara a rumbun dokokin Faransa ko shafukan kyauta: amsa ga ƙanena mai shirin buɗe biron lauya a Damagaram

Salamu alaikum. Metir ƙanena, barka da gama koyon aiki, Allah ya sa a buɗe biron a sa'a. Ka ce jika 400 ke hannunka, kana wasiwasi tsakanin biyan kuɗin shekara a ɗaya daga cikin manyan rumbunan shari'a na Faransa da ke intanet, ko ka riƙe shafukan kyauta ka zuba kuɗin a kayan aiki. Kada ka biya. Ni na taɓa biya, shekara guda cur, har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Bari in fara da wanda ya rufa mini asiri. A cikin azumin 2024 wani alhaji mai sayar da wake da gyaɗa a Kasuwar Dole ya shigo wurina bayan la'asar, da takarda naɗe cikin leda. Umarnin kotu ne na ya biya bashi, irin wanda mai bin kuɗi ke samowa ba tare da an kira wanda ake bi ba. Kwana bakwai ke nan da kawo masa ita, yana ta ajiyarta yana jiran ɗansa ya dawo daga Maraɗi ya karanta masa. Na jawo kundin OHADA (ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashen Afirka, Nijar na ciki) da ke kan teburina, wanda hannuna ya saba da shi, aya ta 10 ta dokar karɓo bashi ta ce kwana 15 ake da su a ƙalubalanci umarnin. Na ce alhaji ya je ya sha ruwa hankali kwance, don da asuba zan hau mota zuwa Yamai, sai bayan kwana biyar zan dawo in kama aikinsa.

Bayan tarawi ina haɗa kaya zuciyata ta ƙi kwanciya. Na san an sake dokar karɓo bashi da aiwatar da hukunci, amma sabon rubutun bai zo hannuna ba tukuna. Wuta ta ɗauke, na haɗa kwamfuta da rezon salula, na shiga shafin OHADA na sauko da ita, ko dala ban biya ba. A Kinshasa aka amince da ita ranar 17 ga Oktoba 2023, ta fara aiki ranar 16 ga Fabrairu 2024, ta maye gurbin ta 1998. Kwana 15 ɗin nan sun koma 10. Wa'adin ɗaukaka ƙara ma daga kwana 30 ya koma 15. Da na tafi Yamai, kilomita wajen 900, kafin in dawo wa'adi ya shige, umarnin ya zama hukunci a kan mutumin da ya ba ni amanarsa. Na fasa tafiyar, da safe na nemi mai kai sammaci. Alhajin nan har gobe bai san bakin ramin da ya tsaya ba, ni kuwa na sani.

Tun ran nan ba na buɗe dosiye sai na fara duba ko dokar tana nan yadda na san ta. Shafi huɗu nake zagayawa. Akwai ohada.org, na ƙungiyar kanta, da ohada.com wanda ya tara hukunce-hukuncen ƙasashe 17 da ke cikinta har da na babbar kotunta ta Abijan. In rikicin kasuwanci ne, abin da alƙalan Abijan suka faɗa a kan wata aya shi ne ƙarshen magana, ko a Damagaram aka fara shari'ar ko a Duwala. Sai Juricaf, inda za ka tarar da hukunce-hukuncen manyan kotunan ƙasashe masu aiki da Faransanci, namu na Nijar na ciki. Sai Droit-Afrique mai ɗauke da kundayen dokoki ƙasa-ƙasa, inda za ka samu irin su dokar ƙwadago ta 2012. Ka riƙa leƙa shafin kotun kasuwanci ta Yamai ma, tana saka hukuncinta a can, yana nuna maka yadda alƙalanmu ke karanta doka.

Ba zan rufe ka ba, suna da nasu gajiyawar. Dokokinmu na gida a warwatse suke, wata za ka samu tsohon rubutunta ba tare da gyaran da aka yi mata daga baya ba, dole ka tabbatar a jaridar gwamnati ko ka tambayi magatakardan kotu. Kuma ka san irin shari'ar da za ta fi shigo maka a nan: gona, gado, aure, iyakar makiyaya da manoma daga Mirriya ko Tanut. Yawancin waɗannan da al'ada ake yanke su, da masu taya alƙali sanin al'adar masu ƙara, da dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993, da takardun hukumomin filaye na ƙauyuka da gundumomi. Shaidar mai gari da dattawan da suka san inda iyakar gona take ba ta cikin kowace na'ura. Wannan da ƙafarka za ka nemo ta.

Shi kuwa na kuɗin, sharhin malamai yana da kyau a ciki, ba na musu. In kana rubuta kundin digiri a jami'ar André Salifou zai yi maka rana. Amma dokar Faransa ta yau yake ba ka, ita kuwa ta daɗe da raba hanya da tamu. A 2016 suka sake fasalin dokar yarjejeniya, aya ta 1382 da muke tsayawa a kanta wajen neman diyya ta koma 1240 a wurinsu, ta 1134 aka rarraba ta. Mu muna nan da tsofaffin lambobinmu. Ka kwafo nasu ka kai gaban alƙali a kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram, abokin karawarka ya samu abin da zai kama ka da shi. Da yuro ake biya, kowane ɗaya sefa 656 kusan, kuma in ba ka soke da wuri ba da kansa yake sabunta kansa ya ja kuɗi a katinka. Da ƙyar na tsayar da nawa. In ma dokar Faransar kake so, Légifrance na gwamnatinsu kyauta ne, har rubutun aya kafin a gyara ta yana nunawa.

Ga abin da ba ka tambaya ba, amma kana kafa allo za su zo maka. Akwai masu yawo da kile, ɗan abin ajiyar nan na USB, suna cewa duk dokokin Nijar da na OHADA na ciki. Abin da ke kyauta ne suka kwaso, rabinsa ya tsufa, wani kilen ma da cutar da za ta cinye maka dosiyoyi. Akwai masu kundin fotokofi da sabon bango, an buga shekarar bana a kai, ciki kuwa tsohon zance. Kafin ka ba da kuɗi buɗe ayar nan ta 10, in ka ga kwana 15 mayar masa da kayansa. Duba dokar kamfanoni ma, ta 2014 ce ke aiki, ba ta 1997 ba. Sannan akwai masu sayar da lambar sirri ta rumbunan Faransa da araha ta WhatsApp, lamba ɗaya sun sayar wa mutum ashirin, sati biyu a rufe ta, salularsu ma ta daina shiga.

Jika 400 ɗinka ga inda za su. Kwamfutar hannu mai batir mai rai, ko ta hannu biyu ce, amma ka zauna a shagon a caje ta, a zare waya, ka ga awa nawa take yi da idonka, don ka san yadda wuta ke mana a watannin zafi. Sai firinta mai hoda wadda ke ɗaukar hoton takarda da fotokofi. Mai tawada in ta kwana biyu ba aiki sai bakinta ya bushe, ƙurar hunturu ta ƙarasa ta, rubutunta kuma ɗigon ruwa ɗaya ke ɓata shi. Abin da ya rage ka sayi faifan ajiya na waje, ka kuma buɗe Google Drive, yana ba da giga 15 kyauta. Kowace takardar mai ƙara ka ɗauki hotonta ranar da ta shigo, ka ajiye wuri biyu, ka sa wa kwamfutar lambar sirri, don sirrin mutane ne a wuyanka. Dokokin kuma ka sauko da su duka ran da rezo ke da ƙarfi, kowace ka rubuta shekararta a jikin sunanta.

In ka samu sarari ranar Asabar da hantsi ka biyo ta birona da faifan, in juye maka waɗanda na riga na tace.