Raunin ƙoda na yin da na yang: ba abu ɗaya ba ne

Yaya, ka ce mai maganin Sin ya gaya maka ƙodarka ta yi rauni, ka ga kwalabe biyu a wajensa, ɗaya na yin ɗaya na yang, kana tambaya ko duk wanda ka sha daidai ne. A'a wallahi, kishiyoyin juna ne ma.

Ƙodar da suke nufi ba iya wadda asibiti ke aunawa ba ce. A wajensu ita ce ma'ajiyar ƙarfin jiki, ƙashi da kunne da gashin kai da ƙugu da haihuwa duk a ƙarƙashinta suke, tun a tsohon littafinsu Huangdi Neijing da ya kai shekara 2,000.

Yin shi ne ɓangaren sanyi da danshi. In ya ragu sai su ce zafi ya samu fili, kamar tukunyar da ruwanta ya ƙone wuta na ci. Mutum zai riƙa jiƙa filo da gumi cikin dare, tafin hannu da tafin ƙafa da ƙirji zafi rau, baki ya bushe, kunne na ƙara, in ya zaro harshe a gan shi ja jawur babu farin nan na samansa, bugun jijiya siriri da sauri.

Yang kuma ɗumin jikin ne. In shi ya ragu mutum kullum cikin jin sanyi, ƙugu da gwiwa sanyi ƙalau ko da zafi ake, fitsari fari mai yawa ana ta tashi da dare, wani har zawo da asuba, ga mutuwar sha'awa, harshe fari a kumbure da shatar haƙora a gefe. Ciwon baya kuwa za ka same shi a duka biyun, shi ya sa masu talla suke cakuɗa su.

Maganin ma haka. Na yang shi ne Jingui Shenqi Wan, na wani tsohon likitansu Zhang Zhongjing wajen shekara ta 200, haɗi takwas, ciki har da kirfa da saiwar wani tsiro da ake kira fuzi masu ɗumama jiki. Daga baya Qian Yi, likitan yara a zamanin daular Song ta ƙasar Sin, ya cire waɗannan biyun ya bar shida, shi ne Liuwei Dihuang Wan na yin. Ka ga ai ko a ƙa'idarsu wanda ke gumin dare in ya sha na yang ƙara wa kansa wuta ya yi. Kuma fuzi ɗin nan guba ce in ba a sarrafa ta da kyau ba, tana rikita bugun zuciya.

Abin da ya fi damuna dai, Yaya, alamomin nan. Gumin dare da tari da rama na iya zama tarin fuka, yawan fitsari na iya zama suga, kuma ciwon ƙoda na gaske yakan daɗe yana ci babu alama ko ɗaya. A Beljiyam farkon shekarun 1990 mata da yawa ƙodarsu ta lalace saboda ƙwayar rage ƙiba da aka haɗa da saiwar wani tsiron Sin mai guba. Dan Allah kafin ka buɗe ko wace kwalba ka je a auna maka jini da fitsari da suga da hawan jini, ka tafi da kwalaben likita ya ga abin da ke ciki.