Shanyewar ɓarin jiki: allurar narkar da gudan jini ko zaro shi da bututu?

Wata 'yar'uwa ta tambaya: an kai mahaifinta asibiti da shanyewar ɓarin jiki aka yi masa allura, wani kuma mai irin lalurar an zura masa bututu ta cinya. Wanne ya fi? Allah ya ba Baba lafiya. 'Yar'uwa, agogo da girman gudan jinin ne ke zaɓa, sau da yawa ma haɗa su ake yi.

Dukansu maganin shanyewar da toshewar jijiyar jini ta jawo ne. In fashewa jijiyar ta yi, allurar ƙara zubar jinin za ta yi, shi ya sa ba a yin ta sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na CT. Ana kuma auna sukari, don faɗuwarsa kan kwaikwayi shanyewa. Lissafin lokaci daga sa'ar da aka ga mutum lafiya lau na ƙarshe yake farawa. Wanda ya kwanta ƙarfe 10 na dare ya tashi da asuba baki a karkace, daga ƙarfe 10 ake ƙirga masa, kuma nan ne mutane da yawa ke rasa damar allura.

Allurar, alteplase, ta jijiyar hannu ake ba da ita. Binciken NINDS na Amurka a 1995 ya nuna amfaninta cikin awa 3, sannan ECASS III na Turai a 2008 ya kai wa'adin awa 4 da rabi. Ma'auninta miligiram 0.9 kan kowane kilo na nauyin jiki, kada a wuce miligiram 90. Ana tura kashi 10 cikin 100 a minti ɗaya, sauran ya shiga a hankali cikin awa ɗaya. Asibitoci da yawa sun koma wata allurar, tenecteplase, miligiram 0.25 kan kilo, iyakarta 25, turawa ɗaya an gama. Kafin a fara dole hawan jini ya sauka ƙasa da 185/110, a riƙe shi ƙasa da 180/105 na awa 24, kuma ba asfirin ba maganin tsinka jini har sai an sake hoto.

Haɗarinta zubar jini a ƙwaƙwalwa ne. A binciken 1995, kashi 6.4 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sun same shi, a rukunin da ba a yi wa ba kuwa kashi 0.6. Sabon ciwon kai mai tsanani, amai ko gyangyaɗi yayin da maganin ke shiga, tsayar da shi ake yi a koma hoto. Wasu kuma harshe da leɓe ke kumbura musu. Wanda bai daɗe da babbar tiyata ko mummunan bugu a kai ba, ko maganin warfarin ya tsinka masa jini ainun, yawanci ba a yi masa. Babbar gazawarta kuwa ita ce dogon guda: wanda ya haura milimita 8 a babbar jijiya da wuya ta narkar da shi.

Nan bututu ya yi mata fintinkau. Likita na huda jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu, ya tura siririn bututu yana kallonsa a hoto har ƙwaƙwalwa. A wurin toshewar yana buɗe 'yar ragar ƙarfe ta kama gudan a jawo shi, ko a zuƙo shi, ko duka biyun. Binciken MR CLEAN na Holan a 2015 ne ya buɗe ƙofa, wasu 4 suka biyo baya a shekarar. Da aka haɗa sakamakon duka 5 ɗin, kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka zaro wa gudan sun iya kula da kansu bayan kwana 90, waɗanda ba a yi wa ba kashi 26.5. A fagen magani wannan tazara ba ƙarama ba ce. Wa'adin bututun awa 6 ne, amma binciken DEFUSE 3 da DAWN a 2018 sun kai shi awa 16 da 24, ga wanda hoto ya nuna akwai sauran ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke shan wuya amma bai mutu ba.

Shi ma da nasa matsalolin. Gudan kan fashe wani yanki ya toshe reshe na gaba, wayar da ake zurawa tare da bututun kan huda jijiya, jini kan taru a wurin hudar. Wani sa'in a buɗe jijiyar tsaf amma hannu bai dawo ba, saboda wurin ya riga ya mutu. Ba ya amfani ga ƙananan jijiyoyi na can ciki da bututu ba ya isa, kuma ba kowane asibiti ke da na'ura da ƙwararrun ba, alhali allura duk inda akwai CT da likitan da ya san ta ana iya yi.

Idan mutum ya iso cikin awa 4 da rabi kuma babbar jijiya ce ta toshe, ana fara allura, a wuce da shi ɗakin bututu ba tare da jiran ganin aikinta ba. In ƙarama ce, allurar ita ce maganin. Ki tambayi likitan Baba ko an ɗauki hoton jijiyoyin wuya da kai, da kuma wacce ce ta toshe; amsar za ta nuna miki dalilin da aka tsaya a allura.