Takin Fe-EDDHA a ƙasa mai yawan alli

Alli ya yi wa ƙasar gonata yawa, pH ɗinta (ma'aunin tsamin ƙasa) ya kai 8. Sabbin ganyen lemo sai su fito rawaya, jijiyoyin kaɗai ke kore. Sinadarin ƙarfe yana nan a ƙasa, amma alli ya ɗaure shi, saiwa ba ta iya zuƙa. Takin ƙarfe mai EDTA (wani sinadari da ke riƙe ƙarfen) bai tsinana komai ba, domin yana sakin ƙarfen da zarar pH ya haura 6.5. Takin Fe-EDDHA kuwa, jan gari mai ƙarfe kashi 6 cikin 100, na dama shi da ruwa na zuba a gindin bishiyoyi, sabon toho ya fito kore shar. Akwai tsada, kuma yana rina tufafi. Kafin ka saya, duba adadin ortho-ortho (wani nau'in sinadarin EDDHA) a jikin buhu, shi ne ke riƙe ƙarfen sosai.