Horar da karnuka: aikin ɗamara ko koyo a hannun ubangida?

Ɗan'uwa, ka ce ka gama sakandare, kana son horar da karnuka ya zama abincinka, kana tambaya ko ka nemi aikin ɗamara ko ka bi wani gwani ka koya. Ga yadda nake ganin kowanne.

A ɓangaren gwamnati, Rundunar 'Yan Sandan Najeriya tana da sashen karnuka, hukumar NDLEA ma tana aiki da karnuka masu sansano miyagun ƙwayoyi. A can ake koyon aikin hanci na gaske. Ana haɗa wa kare warin abin da ake nema da ƙwallon da yake mutuwar so, har ya riƙa bin jakunkuna ɗaya bayan ɗaya yana ganin wasa yake yi. Ba ƙwaya ake ɗura masa ba, kamar yadda ake yaɗawa. Akwai albashi, akwai likitan dabbobi, abincin kare kuma ba daga aljihunka zai fito ba. Amma kurtu za a ɗauke ka, ba mai horar da kare ba. In ka gama horo, inda hukuma ta ga dama nan za ta tura ka, kana iya shekaru kana neman a mayar da kai sashen karnuka ba ka samu ba.

Hanyar ubangida ta fi wahala da farko. A Abuja, Legas, Jos da Kaduna mutane na sayen German Shepherd, Rottweiler ko Boerboel na Afirka ta Kudu da kuɗi mai yawa, kare ya girma ya gagare su. Su ne kasuwarka. Za ka fara da wanke keji, cire kaska, da fita da karnuka da asuba kafin rana ta yi zafi. Kada ka raina wannan, a nan ake koyon karanta kunne da wutsiya, da gane cewa karen da ke yawan hamma yana lasar leɓe a takure yake. Za ka ga kuma dalilin da ya sa ɗan kwikwiyon da bai saba da mutane ba tsakanin mako 3 zuwa 14 yake wahalar gyaruwa daga baya.

Abin da ya fi bambanta hanyoyin biyu shi ne mai kare. A hukuma kai da karenka ne kullum. A kasuwa, ka yi wata guda kana gyara kare, ka mayar da shi gida, maigadi ya ɗaure shi a rana yana zane shi, aikinka ya rushe. Dole ka iya zama da maigida da yaransa da maigadin ka koya musu, cikin ladabi. Kuɗin ma wata a samu, wata a rasa.

Ni dai da za ka ji tawa, ka fara da ubangida, in an buɗe ɗaukar aiki ka nema da ƙwarewarka a hannu. Ko hukumar CCPDT ta Amurka, mai ba masu horar da karnuka takardar shaida, ba ta barin mutum ya zauna jarrabawarta sai ya yi awa 300 yana horarwa cikin shekara 3, don haka takardar intanet kaɗai ba za ta kai ka ko'ina ba. Sai dai ka zaɓi ubangidan da ido. In ya ɗaga hannu ka ga karnukansa sun maƙale a ƙasa, ka nemi wani. Duka tsoro yake haifarwa, kuma matsoracin kare ne ke cizon yaro.

Za a yi maka magana a gida, wannan ka sa a ranka. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da aka koyar, a hadisi kuma an yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona. Hukuncin tsarki da na karen gadi, ka zauna da malaminka.

Duk hanyar da ka bi, ka yi rigakafin ciwon haukan kare kafin ka fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara a duniya. Kada ka karɓi karen da ba shi da katin allura, kuma in an cije ka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ka wuce asibiti a ranar.