Tambayar ma'aikata ko gwajin takardun neman aiki?

Ɗalibai daga unguwannin Nima da Mamobi na birnin Akra a Ghana sun sha tambayata hanyar da ta fi dacewa da binciken wariyar da ba a furtawa a wuraren aiki na Akra: raba wa ma'aikata tambayoyi ba tare da sun rubuta suna ba, ko aika takardun neman aiki iri ɗaya da sunaye mabambanta.

Tambayoyin ba su da tsada, ko ta WhatsApp ana iya tura su, kuma su ne ke fito da abin da ke faruwa bayan ɗaukar mutum, kamar mai hijabin da ake tsallakewa wajen ƙarin girma. Sai dai mai tsoron rasa abincinsa ba ya sakin baki, kuma dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 ta wajabta tsare sirrin masu amsawa.

Gwajin takardu ya fi ƙarfin hujja, domin aikin mutane yake aunawa, ba furucinsu ba. A Amurka, masu bincike Bertrand da Mullainathan sun aika kusan takardu 5,000 a Boston da Chicago, sakamakon da suka wallafa a 2004 ya nuna sunayen fararen fata sun fi na baƙaƙe samun kiran ganawa da kashi 50 cikin ɗari. A nan sunan Musulmi ko adireshin Zango kawai za a sauya, domin wariya kan waɗannan ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Amma gwajin yana cin watanni, yana buƙatar izinin jami'a saboda akwai ɓoye gaskiya a cikinsa, kuma ba ya ganin aikin da aka samu ta sanayya.

Ƙungiyar ma'aikata ko ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi, tambayoyi sun fi musu. Mai lokaci da tallafi da ke neman hujjar kai wa hukuma, gwajin takardu ne nasa.