Injin zuƙe ruwan sama a gida: yana aiki amma da sharaɗi

Masu tambaya ko ɗan injin nan da ake jefawa cikin ruwa yana maganin ruwan da ke kwanciya a tsakar gida in an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, to ni dai na ci damina da shi, kuma gaskiya yana ja. Nawa mai wat 750 ne, irin na ruwa mai datti. Ku lura da wannan sosai don kala biyu ne, akwai na ruwa mai tsafta wanda yashi kaɗan zai shaƙe shi, shi kuwa na dattin ramukan gindinsa manya ne, laka da ƙananan tsakuwa duk wucewa suke. Leda ce kawai ba ya shiri da ita, tana nannaɗe farfelar sai ka ji yana gurnani ruwa ba ya fita, shi yasa nake sa shi cikin kwandon roba kafin in zura shi.

Abin da ya fi burge ni ɗan ƙwallon nan da ke yawo a saman ruwa, ruwa na tasowa ya kunna injin da kansa, yana sauka ya kashe, ba sai ka tsaya cikin dare kana gadi ba, kuma shi ke hana shi aiki a bushe ya ƙone.

Amma fa lissafin litar da suka rubuta a kwali kar ya ruɗe ku, wannan in tiyo na kwance ne, da zarar ka ɗaga shi ya haura katanga ƙarfin ya ragu, in ya lanƙwashe kuma shikenan. Sannan ba ya kwashewa tas, sai ka bi sauran da tsintsiya.

Babbar matsalar wuta ce, lokacin da ka fi buƙatarsa lokacin ake ɗauke ta. In janareta za ka tayar to a waje, nesa da taga, hayaƙinsa na kisa kuma gubar ba ta da wari. Soket ya kasance a sama inda ruwa bai kai ba, kar kowa ya shiga ruwan in injin na kunne musamman yara, kuma a ɗaura igiya a mariƙin injin, kar a ja shi da wayar wuta.

Wanda kwatar layinsu ta toshe kam kar ya wahalar da kuɗinsa, kana fitarwa yana dawowa ta ƙarƙashin ƙofa ko ka tura wa maƙwabci a yi rigima. Sai an yashe kwata an jera buhunan yashi a bakin ƙofa, su ma kar a cika su dam, rabi zuwa kashi biyu cikin uku ya isa don su kwanta su toshe kafa, sannan injin zai yi maka rana.