Wasiƙa Daga Agege: Abin Da Na Gani Na Kuɗin Gwamnati

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina roƙon ka isar da gaisuwata ga Inna da sauran mutanen gida na Maraɗi. A saƙonka na baya ka tambaye ni ko gaskiya ne abin da masu dawowa suke faɗa, cewa a Legas ana ganin amfanin kuɗin gwamnati fiye da yadda ake gani a wajenmu. Na jinkirta amsa domin ban so in ba ka labarin tasha, sai abin da na hau, na saya, ko na biya da hannuna.

Zan fara da sufuri, domin a nan ne bambancin ya fi fitowa. Manyan motocin safa na BRT sun fara aiki a 2008 tsakanin Mile 12 da CMS, an keɓe musu gefen titi nasu su kaɗai. Abin da ya fi jan hankalina ba girman motar ba ne, yadda ake biyan kuɗin ne. Fasinja yana da kati mai suna Cowry, ya zuba kuɗi a ciki, idan zai shiga sai ya manna shi a jikin na'ura, a cire kuɗin tafiyarsa. Babu kwandasta mai cewa ba shi da canji. A danfo kuwa, wato ƙananan motocin haya masu ruwan ɗorawa, farashi yana bin yanayin sama, da zarar hadari ya haɗu kuɗi ya tashi, ga 'yan tasha da ake kira agbero suna karɓar nasu a kowace matsaya. Tun daga nan na fara fahimtar cewa yawan hannuwan da kuɗi ke ratsawa shi ne yawan ƙofofin da yake zurarewa. Dalilin ke nan da Najeriya ta tilasta wa ma'aikatunta amfani da asusun bai ɗaya a 2015, kuma ta riƙa tantance masu karɓar albashi ta kwamfuta domin zaƙulo ma'aikatan bogi.

Maganar jirgin ƙasa ita ce ta fi taɓa ni, kuma na san za ta taɓa ka. Layin da suke kira shuɗi, daga Marina zuwa Mile 2, bai wuce kilomita 13 ba, amma sai da ya ci fiye da shekara goma ana aikinsa kafin ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumba na 2023. Mutanen gari sun yi ta zagin wannan jinkiri, kuma suna da gaskiya, domin aikin da ya daɗe a buɗe kuɗinsa ƙaruwa yake yi. Duk da haka jirgin yana tafiya yau. Jan layin, wanda ya taso daga Agbado zuwa Oyingbo, ya bi ta nan Agege, an ƙaddamar da shi a 2024, kuma ina jin ƙararsa daga ɗakina. Duk lokacin da na ji ta sai in tuna layin Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, wanda aka yi bikin buɗe shi a farkon 2016, aka buga ganguna, aka ɗauki hotuna, amma bai taɓa zama hanyar da ɗan kasuwa zai dogara da ita ya ɗora buhun albasa ba. A ganina, Yaya, aikin da aka jinkirta aka ƙarasa ya fi wanda aka gaggauta domin ranar biki, ko da yake wanda ya fi su duka shi ne wanda aka lissafa kuɗin tafiyar da shi da na gyaransa tun kafin a sa harsashi.

Kada ka ɗauka yabo kawai na kawo. Garin nan ruwa ya kewaye shi, amma a gidan da nake haya famfo bai taɓa ɗigo ba tun da na tare. Kowace asuba wani yaro daga wajen Tasawa yake turo kura cike da jarkoki daga rijiyar burtsatsen wani mai gida, yana nishi a hawan kwalbati, tayar gaba tana kuka, ya sauke mini biyu a bakin ƙofa. Har Yarabawa ma "mai ruwa" suke kiran masu wannan sana'a, saboda yawan mutanenmu a cikinta. Yaron yana samun halal ɗinsa, ban raina masa ba. Sai dai idan ka haɗa abin da gida ɗaya yake kashewa a wata kan ruwan jarka, da kuɗin man janareta, da na mai kwashe shara, za ka ga talaka yana biyan haraji sau biyu, ɗaya ga hukuma, ɗaya ga wanda ya yi aikin da hukuma ta bari. Gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage mana cunkoso ƙwarai, amma bututun da ke ƙarƙashin ƙasa ba ya fitowa a hoto, shi ya sa ba a rububin kashe masa kuɗi.

Akwai kuma maganar fetur, wadda dole in faɗe ta ko da za ta ɗan sosa mu. Shekara da shekaru Najeriya tana biyan tallafi domin mai ya yi araha, kuma ka san inda wani kaso nasa yake ƙarewa, a cikin kwalaben ruwa-ruwa da ake jerawa a bakin titunan Maraɗi, 'yan kabu-kabu suna saye. Wato baitulmalin wata ƙasa ne ya riƙa cika tankin baburanmu. Da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, tumatir da albasa suka bi sahu a kasuwar Mile 12, domin duk a mota suke zuwa daga Arewa. An toshe ɓaraka, wannan gaskiya ne, kuma kason da jihohi ke samu ya ƙaru. Tambayar da nake ji a majalisarmu ta bayan Isha'i ita ce ina rarar ta tafi, tunda mai shayi bai gan ta a asibiti ba, bai gan ta a makarantar 'ya'yansa ba.

Tun da kai malamin makaranta ne, kuma ana jin maganarka a taron gunduma, ina ba ka shawara idan aka zo muku da batun sabon gini, ka fara tambayar wa zai biya mai gadi da mai gyara bayan shekara uku, kuma a liƙa kuɗin kwangilar a allo inda kowa zai karanta. Ka rubuto mini halin da famfon unguwarmu yake ciki, domin lokacin da na baro gida an ce kansa kawai ya rage a sauya.